Ciwon Zuciyar Masu Jego a Zazzau: Daga Kunun Kanwa Zuwa Ƙwayoyin Gado

Duk likitan zuciyar da ya yi karatu mai zurfi, a Landan ne ko a Alƙahira, ya taɓa cin karo da sunan Zariya. Sunan yana fitowa ne a babin ciwon da ke kama zuciyar mace a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko na jego. A shekarun 1970, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun ƙiyasta cewa a wannan yanki, cikin haihuwa 100 ana samun mace ɗaya da zuciyarta ke gazawa. A Amurka lissafin yana tsakanin ɗaya cikin 1,000 da ɗaya cikin 4,000. A Japan kuwa sai an haɗa haihuwa wajen 20,000 kafin a samu ɗaya. Matan da aka yi ƙidayar Zariya a kansu namu ne, na birnin Zazzau da na karkarar da ke kewaye da shi, karkarar da Bomo da Basawa ke cikinta.

Ba sai an yi wa tsohuwa a Bomo bayanin yadda ciwon ke zuwa ba. Mace ta sauka lafiya, an yi suna, jama'a sun watse. Bayan sati biyu, ko wata guda, ko ma an gama arba'in, sai ƙafa ta fara hawa. Ta ja guga a rijiya sai haki, gaba kaɗan ko shara ba ta iya ƙarasawa. Da dare ba dama ta kwanta rigingine, sai an tara mata matasai ta jingina, ga tari da ba ya jin magani. A gida sai a ce sanyi ne ya shige ta, ko wanka ne bai yi ba, a ƙara wa ruwa wuta, a ƙara wa kunu kanwa. Wasu su ce iska ce, wasu su ce jifa. Kafin a yanke shawarar ɗaukar ta zuwa asibitin koyarwar da ke Shika, ciki ya kumbura, ruwa ya taru a huhu, zuciya ta buɗe ta yi faɗi ta kasa tura jini yadda ya kamata.

Shekara hamsin ke nan ana tambayar abin da ya sa ciwon ya fi yawa a nan. An ba da amsa ta farko, aka daɗe a kanta. Yanzu an gane cewa ba ta isa ba.

Zargin da aka ɗora wa wanka da kunu

Farfesa Eldryd Parry, mutumin Birtaniya, ya zo Zariya a 1969, ya koyar da likitanci a jami'ar har zuwa 1977. Shi da abokin aikinsa Dakta Davidson sun bi diddigin mata 224 da aka kwantar da wannan ciwo, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun lura cewa kusan dukkan matan Hausawa ne da Fulani, alhali asibitin na kowa ne, kuma Sabon Gari da Samaru cike suke da mutanen wasu sassan ƙasa da matansu ke haihuwa a nan. Sun ga ciwon ya fi tashi daga lokacin zafi zuwa cikin damina. Sun kuma ga cewa da an ba mace maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari da wanda ke ƙarfafa bugun zuciya, sau da yawa takan farfaɗo da wuri.

Sai suka duba abin da mai jegon Bahaushe ke yi wanda sauran ba sa yi. Wanka safe da yamma da ruwan da ya tafasa, ana tsoma ganye ana fyaɗa wa jiki. Kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Kunun kanwa kullum, don nono ya zo, jiki ya yi ƙarfi. Kanwa gishiri ce mai yawan sodiyam, shi kuwa sodiyam riƙe ruwa yake yi a jiki. Zafi kuma yana buɗe ƙananan hanyoyin jinin da ke fata, dole zuciya ta ninka aikinta. Da Dakta John Sanderson da abokan aikinsa suka ɗauki hoton zuciyar irin waɗannan mata a Zariya da na'urar sauti, suka wallafa a 1979, sun tarar a wasunsu tsokar zuciyar ba ta yi raunin da ake zato ba, ruwa ne ya yi mata yawa.

Bayani ne mai kama hankali, kuma gargaɗin da ya biyo bayansa ya yi amfani. Ba wanda zai ce cika wa mai kumburi kanwa alheri ne. Amma da tafiya ta yi nisa, sai bayanin ya daskare ya zama hukunci: laifin al'ada ne, laifin kaka ne, laifin ungozoma ne. Aka manta da wata tambaya da ke tsaye a tsakar kowane gida. Kishiyoyi biyu sun yi wanka da ruwan tukunya ɗaya, sun sha kunu daga ƙwarya ɗaya, ɗaya ta kwanta, ɗaya ta tashi garau ta ci gaba da harkarta. In mace ɗaya ce cikin 100 ke kamuwa, to sauran 99 ɗin ai su ma sun yi wankan.

Abin da aka gano daga Kano

Wanda ya sake buɗe wannan fayil da gaske shi ne Farfesa Kamilu Musa Karaye, likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Shi ya jagoranci wata rajista ta ƙasa baki ɗaya mai suna PEACE, wadda ta tattara mata 406 masu ciwon daga asibitoci 22 a faɗin Najeriya, aka kwatanta su da masu jegon da ke da lafiya. Sakamakon da aka fitar a 2020 ya tabbatar da cewa Arewa maso Yamma ce cibiyar ciwon, har an samu ɗaya cikin haihuwa 96. Kafin nan, a 2007, likitoci a Sakkwato sun ba da rahoton ɗaya cikin 102. Wato adadin na zamanin Parry yana nan inda yake, duk da cewa gadon wuta ya yi ƙaranci a gidaje.

Abin da ya fi jan hankali shi ne, da aka tace lissafin, wankan zafi bai fito a matsayin sanadi mai zaman kansa ba, kunun kanwa bai fito ba, kasancewar mace Bahaushiya ko Bafulatana ma bai fito ba. Abubuwan da suka tsaya su ne rashin ilimin boko, rashin sana'a, rama, da hawan jinin masu ciki, wanda in ya tsananta yake kai ga jijjiga. A taƙaice, talauci da yunwa da cikin da bai samu kulawa ba. Cikin matan da aka ci gaba da bibiya kuma, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu kafin a cika shekara biyu, waɗanda zuciyarsu ta koma daidai ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Akwai kuma batun sinadarin seleniyam, wanda jiki ke samu daga abinci gwargwadon yadda yake a ƙasar da aka noma abincin. Tun 1992 likitoci a Yamai suka ba da rahoton ƙarancinsa a jinin masu wannan ciwo, Farfesa Karaye ma ya samu haka a Kano a 2015.

Duk da haka tambayar kishiyoyin nan ba ta gama amsuwa ba, domin talaucin ma tare suke sha. A nan ne ilimin ƙwayoyin gado ya shigo.

Rubutun da ke cikin jini

Bahaushe bai taɓa musun gado ba. Shi ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma in an ga mutum da hawan jini ko ciwon siga akan ce ai a gidansu haka suke. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne nuna inda gadon yake zaune. A cikin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jikin mutum akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, mai haruffa iri huɗu kacal, da aka jera su har wajen biliyan 3. Kowa yana ɗauke da kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A cikin rubutun akwai sassa kimanin 20,000, kowane sashe umarni ne na yadda za a gina wani abu a jiki. Su ake kira ƙwayoyin gado. An kammala karanta wannan kundi a karon farko a 2003, bayan aikin shekara 13 da ya ci kusan dala biliyan 3. Yau ana karanta na mutum guda a kan ƙasa da dala 1,000.

Ɗaya daga cikin sassan nan, wanda ake wa laƙabi da TTN, shi ke ba da umarnin gina wani furotin mai suna titin. Babu furotin da ya kai shi girma a jikin ɗan Adam. Yana cikin tsokar zuciya, shi ke riƙe zaren tsokar a jere, ya miƙe in zuciya ta cika da jini, ya dawo in ta matse. A 2012 masu bincike suka nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iyalan da ke gadon ciwon buɗewar zuciya suna da wani kuskure a wannan sashe, wanda ke sa a gina furotin ɗin guntu.

Sai a 2016 wata tawaga da ta haɗa da Farfesa Zoltan Arany na Jami'ar Pennsylvania ta karanta ƙwayoyin gado 43 a jikin mata 172 masu ciwon zuciyar jego. Kashi 15 cikin 100 na matan suna ɗauke da irin wannan kuskure mai datse furotin, kuma kashi biyu cikin uku na kurakuran a TTN suke. Wani bincike mafi girma da ya biyo baya a 2021, a kan mata 469, ya sake samun kuskuren TTN a kusan ɗaya cikin goma. Ma'ana, a wajen wasu matan, ciwon jego da ciwon buɗewar zuciyar da ya kashe kawunsu yana ɗan shekara 45 abu ɗaya ne. Rauni ne da aka haife su da shi, yana kwance shiru. Goyon ciki yana ƙara yawan jinin mace da kusan rabi, ga nauyin naƙuda, ga sauyin sinadaran jiki bayan haihuwa. Zuciyar da ke da ƙarfi takan ɗauka. Wadda ke da ɓoyayyen rauni a nan take tonuwa.

Sai dai a kula da ɗaya gefen lissafin, don shi ma gaskiya ne. In kashi 15 ne ke da kuskuren da aka gano, to kashi 85 ba a same shi a jikinsu ba. Kuma akwai mutane da dama, wajen ɗaya cikin 100, da ke yawo da kuskuren TTN har su tsufa ba su taɓa jin komai ba. Manomin Bomo ya fi kowa saurin fahimtar wannan. Iri ɗaya ne, ka zuba shi a fadama ya yi kyau, ka zuba shi a tsandauri a shekarar fari ya ƙone. Gado shi ne irin. Abinci, da hawan jini, da yawan haihuwa kusa-kusa, da gishiri, da zafi, su ne ƙasar da yanayin. Saboda haka sabon ilimin bai wanke kanwa tas ba, bai kuma kore maganar talauci ba. Abin da ya yi shi ne nuna dalilin da ya sa nauyi ɗaya ke karya wata ya bar wata.

Samaru na karanta gadon wake

Ba haka kawai na kawo zancen iri ba, sai don abin da ke maƙwabtaka da Bomo. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta faro tun 1922, kuma duk irin da sunansa ya fara da SAM, na masara ne ko dawa ko gyaɗa ko auduga, daga nan ya fito. A ƙarshen 2019 aka amince da waken SAMPEA 20-T, wanda tawagar Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku ta samar, aka sa masa ƙwayar gadon da ke kare shi daga tsutsar da ke huda kwanso. A Shika akwai cibiyar binciken dabbobi da ta fitar da kazar Shika Brown. A cikin jami'ar akwai cibiyar nazarin fasahar halittu, inda marigayi Farfesa Andrew Nok ya horar da ɗalibai masu yawa. Wato ilimin gado ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. An san shi, ana aiki da shi a kan wake da kaza da ƙwayar cutar sammore.

Amma babban binciken nan na 2016 ba a kan matanmu aka yi shi ba, akasarin matan daga Amurka da Turai suke. Wannan abin takaici ne da ya kamata ya hana masana barci. Wurin da ciwon ya fi yawa a duniya, wurin da ya ba ciwon suna a littattafai, shi ya fi cancanta a fara karanta jinin mutanensa.

Matsalar ta fi Zariya faɗi. Wani nazari da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa cikin mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu, kashi 78 cikin 100 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa wajen kashi 2. Alhali babu nahiyar da mutanenta suka kai na Afirka bambancin ƙwayoyin gado, domin a nan ɗan Adam ya fi daɗewa. A babban kundin duniya na mutum dubu da masana ke kwatanta sakamako da shi, Yarabawan Ibadan da mutanen Esan ne ke wakiltar Najeriya, babu Hausawa a ciki. Da shirin H3Africa ya karanta kundin mutum 426 kawai daga ƙasashe 13 na Afirka, aka wallafa a 2020, an samu sauye-sauyen haruffa sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubuta su ba.

Wannan giɓi yana da illa a aikace. A 2016 aka bayyana cewa a Amurka an sha gaya wa wasu baƙaƙen fata cewa suna ɗauke da gadon ciwon kaurin zuciya, daga baya aka gane harafin da aka gani a jininsu ba cuta ba ne, abu ne da ya yawaita a tsakanin 'yan asalin Afirka, sai dai ba a san shi ba saboda da Turawa kaɗai aka yi awo. Ke nan ko yau aka kawo na'ura Shika aka karanta jinin wata mata daga Bomo, fassara sakamakon zai yi wuya muddin babu kundin mutanenmu da za a duba.

Riba kuma tana nan ga duniya baki ɗaya. A 2006 Helen Hobbs da Jonathan Cohen a Dallas suka nuna cewa wasu baƙaƙen fatar Amurka, kimanin 2 zuwa 3 cikin 100, suna da wani sauyi a ƙwayar gado mai suna PCSK9 da ke rage musu mugun kitsen jini, kuma haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya ya ragu musu da kashi 88 cikin 100. Wannan ganowa ta taimaka wajen haifar da sababbin allurai na rage kitsen jini da aka amince da su a 2015. Jinin jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne ya nuna hanyar maganin, maganin da har yau ya fi ƙarfin aljihun yawancin mutanen Afirka.

Ba masu jego kaɗai ba

Masu kallon ƙwallo ba su manta da ranar 26 ga Yuni, 2003 ba, lokacin da Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Lyon na Faransa yana ɗan shekara 28. Binciken gawa ya nuna ciwon kaurin tsokar zuciya, wanda ke samun kusan mutum ɗaya cikin 500, kuma yawanci gadonsa ake yi. A irin wannan ciwo, da kuma na TTN, kwafi ɗaya mai kuskure ya isa. In uba ko uwa na da shi, kowane ɗa yana da rabi da rabi na yiwuwar ɗauka. A nan ya bambanta da sikila, wadda sai an haɗa daga uwa da uba. Shi ya sa gwajin jinotayif da ake yi kafin aure ba ya nuna shi, kuma guje wa auren zumunci kaɗai ba ya kawar da shi.

Amma babban mai kisa a cikinmu hawan jini ne, shi kuwa ba ƙwayar gado ɗaya ke kawo shi ba. Ɗaruruwa ne, kowace da ɗan tasirinta, su haɗu da gishiri da ƙiba da shekaru. Asibitin Shika na cikin cibiyoyin da suka shiga binciken SIREN a kan shanyewar ɓarin jiki a Najeriya da Ghana, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan. Sakamakon 2018, daga majinyata sama da 2,000, ya nuna cewa hawan jini ne ke bayan kusan tara cikin goma na shanyewar, kuma cin ganye kullum yana da kariya. Labari ne mai daɗi ga mai zogale da rama da alayyafo a bayan gida. Hatta maganin hawan jinin ba ya aiki iri ɗaya ga kowa. Gwajin CREOLE da Dakta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida na Afirka, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata a kan haɗin da babu shi. Irin wannan amsa ba ta samuwa sai an yi binciken a kan mutanen da za su sha maganin.

Amana, da tsoron tambari

Duk wanda zai zo Bomo ya ce a ba shi jini don bincike, ya san da wa yake magana. Mutanen Arewa ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara 200, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya dace. Tabon wannan al'amari na cikin abin da ya rura ƙin allurar shan inna a 2003. Jinin gado kuma ya fi kowane jini nauyi, domin sirrin da ke cikinsa ba na mutum ɗaya ba ne, na zuriya ne. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan gado cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Doka a takarda ba ta isa ba. Sai an zauna da mai unguwa da liman da mazaje da matan kansu, an yi bayani da Hausa, an faɗi inda za a ajiye jinin, da wanda zai taɓa shi, da abin da zai dawo wa garin.

Abin da ya fi damuna shi ne tambari. Mun ga yadda sakamakon jinotayif ke rusa baiko. In aka fara cewa gidan su wance suna da gadon ciwon zuciya, 'yan matan gidan za su rasa manema, matar da ke kwance kuma a ce ita ta kawo musu, a sallame ta a lokacin da ta fi buƙatar a riƙe ta. Da mun ɗora laifi a kan kaka da tukunyar wanka, kada yanzu mu sauke shi mu ɗora a kan dangin mace. Namiji ma yana ɗauke da kuskuren nan daidai da yadda mace ke ɗauka, yana kuma ba 'ya'yansa. Bambancin kawai shi ne ba ya goyon cikin da zai tona shi da wuri. Babu wanda ya zaɓi abin da ya gada, kuma sanin sa dama ce ta yin shiri, ba hujjar ƙyama ba.

Abin da za a iya tun yanzu

Gwajin ƙwayoyin gadon zuciya bai zama abin yau da kullum a asibitocinmu ba, kuma ba na ganin hikima a jira shi. Hawan jinin masu ciki, wanda rajistar PEACE ta nuna haɗarinsa, ana gano shi da na'urar awon jini ta hannu a kowane ƙaramin asibiti. Rama ana ganinta da ido, maganinta abinci ne, kuma wannan nauyin miji ne. Mai jegon da ke haki ko kumburi, a dakatar da kanwa da yawan gishiri da dunƙulen ɗanɗano, a kai ta a ɗauki hoton zuciyarta ba tare da jiran arba'in ba. Wadda aka tabbatar tana da ciwon ta ci gaba da shan magani ko ta ji sauƙi, kada kuma ta sake ɗaukar ciki sai likita ya duba ya ga zuciyar ta koma daidai, domin cikin da ya hau kan zuciyar da ba ta warke ba yana iya tafiya da rai. Wannan magana da maigida ya kamata likita ya yi ta, ba da matar kaɗai ba. Iyayenta da 'yan'uwanta na ciki ɗaya, maza da mata, su ma ya dace a duba su, musamman in an taɓa samun irin ciwon a gidan.

Ga Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta na Shika da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna kuwa, aikin a bayyane yake. Majinyatan suna nan, masana kimiyyar gado suna Samaru, abokan aiki suna Kano da Sakkwato da Yamai. A haɗa su a kafa rajista mai ɗorewa da ma'ajiyar jini a nan gida, bisa yardar masu jinin, a karanta TTN da 'yan'uwansa a jikin matanmu, a auna su tare da seleniyam da hawan jini da abinci. Ɗaliban da za su yi aikin su zama namu, sakamakon kuma ya koma ga iyalan da suka bayar.

Kai kuma mai karatu, akwai wani bincike da ba ya buƙatar na'ura ko kuɗi. Ka zauna da tsofaffin gidanku tun suna raye, na wajen uwa da na wajen uba, ka tambaye su: wa ya rasu da kumburi, wace ce ta rasu a cikin jego, wa ya yanke jiki ya faɗi yana da ƙuruciya, wa ya samu shanyewar jiki kafin ya kai 50. Ka rubuta sunan dangantakar da shekarun a takarda, ka ba matarka ko 'yarka ko ƙanwarka ta tafi da ita ranar awon ciki, ta nuna wa ma'aikaciyar lafiya tun a zuwan farko.